Kwanon Yaya Tanko

"Wallahi na gaji, Atika! Na gaji!"

A bakin kamfanin jima na Challawa suke tsaye, jiniyar tashi daga aiki na ta kuka, ma'aikata na bulbulowa a kan kekuna. Inuwa bai ko wanke hannunsa ba, farcensa shuɗi kamar na kowa da ke aikin fata a wurin.

"Rage murya mana, Yaya Inuwa, mutane na kallonmu..."

"Su kalla! Digiri fa gare ki. Ki ajiye shi ki koma zama da 'yan sakandare kina haddar Kemistiri? Sau biyu kina faɗuwa, sau biyu ana ɗaga bikinmu. Yanzu kuma ki ce in jira na uku?"

"Ka san dalili."

"Na sani, sanyin idona. Ni ma abokina ne. Amma wanda ya tafi ya tafi."

Ta ɗago ido ta dube shi. "Ya tafi ina? Nuna mini kabarinsa!"

Inuwa ya kau da kai, suka kama hanyar gida.

To, bari ku ji yadda abin ya faro. A shekarun nan samun aiki a Challawa sai mai hanya. In wani ya gaji zai koma gida, sai ya bar wa wani sunansa da gurbinsa, a ci gaba da aiki kamar ba a canja mutum ba. Da haka Tanko, yayan Atika, ya shiga kamfanin da sunan wani Lawal, mutumin Damagaram. Da wannan aikin ya ɗauki nauyin karatunta har jami'a. Tarihi ta karanta, ba don shi take so ba. Makarantarsu ta 'yan mata ko malamin kimiyya babu.

Tana shekarar ƙarshe, ran nan Tanko ya yanke jiki ya faɗi a gindin injin. Inna Mairama, mahaifiyarsu, tana ƙauye wajen girbi, Inuwa yana hutu a garinsu. Kamfani ya kai gawa asibiti da sunan Lawal, aka aika Damagaram. Can kuwa dariya suka yi, ga Lawal nan a gona da ransa! Kafin 'yan uwa su gano bakin zaren, asibiti ya gaji da jira, ya miƙa gawar ga wata makarantar likitoci a wani gari, cikin gawawwakin da ba a zo nema ba.

Sun je, sun roƙa, sun yi kuka. Amsa ɗaya ce daga bakin jami'in makarantar.

"Ba mu da Tanko. Lawal kuma ba ɗan'uwanku ba ne. Ɗakin gawa kuwa daga ɗalibai sai malamai ke shiga."

Atika ta dawo ta rubuta jarrabawar ƙarshe da kumburarrun idanu, ta fito da sakamako mafi rauni da ake ba da digiri a kansa. Tun daga ranar maganar mutumin nan ta tsaya mata a rai. Daga ɗalibai sai malamai. To, za ta zama ɗaliba.

Da Atika da Inuwa suka isa gida a Panshekara a yammacin nan, rana ta yi ja, jiniyar yamma ta masu shiga aikin dare ta gama kuka. Inna Mairama ta riga ta zuba tuwo a kwanon Tanko ta rufe da faifai, kamar kullum. Kekensa na jingine a zaure, tayoyi sun sace.

"Sannunku da gida, Inna," in ji Inuwa yana durƙusawa.

Ta ɗaga masa hannu. "Tsaya... ga shi nan."

Ƙirrin... ƙirrin...

Kullum Atika da Inna sai sun ji ta, da zarar jiniyar yamma ta yi shiru. Ƙararrawar keke, a hankali, daga cikin zaure. Inuwa ya sunkuyar da kai, gumi na tsatsafo masa. Shi da kansa ya kwance ƙararrawar nan bara, tana can a ƙasan akwatinsa a ɗakin haya. Bai taɓa jin ta da kunnensa ba sai yau, da ma cewa yake zafin rashi ne ke sa mata jiye-jiye.

"Yana so ya shigo, an hana shi," Inna ta faɗa a sanyaye. "Yaro ba wanka, ba likkafani, ba salla. Ina zai kwanta?"

Da Atika ta raka shi ƙofa, ya tsaya ya juyo gare ta. Can ya nisa.

"Me ke kayar da ke a jarrabawar?"

"Gwajin hannu. Na haddace littafi tsaf, amma in aka ajiye mini kwalabe sai hannuna ya kama rawa. Ban taɓa riƙe su ba sai a ɗakin jarrabawa."

"Kwalabe kawai? Shi ne ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka taɓa tambaya?"

Kunya ta kama shi. Kashegari ya je ya sami Malam Istifanus, mutumin Kagoro, wanda ke auna sinadarai a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin. Dattijon ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge.

"Ni na rufe masa ido ranar. Lawal nake kiransa, ban sani ba... Ta zo ran Lahadi in na taso daga coci. Ni zan yi wa manaja bayani."

Kai, kamfanin jima ran Lahadi ba wurin zuwan mai tsoro ba ne! Ba kowa, sai wari da ɗigar ruwa. Fatu a rataye jere-jere, iska na kaɗa su. Atika na ɗiga sinadari a kwalba tana jiran ruwa ya canja launi, sai ta ji ɗaya daga manyan gangunan katakon da ake juya fata a ciki ta yi ƙara, ta juya da kanta, ta tsaya.

"Malam, ba an kashe wuta ba?"

"An kashe," in ji Istifanus, bai waiwaya ba. "A gindinta ya faɗi. Ki dubi kwalbarki, 'yata, ɗigo ɗaya ya rage."

Ta duba. Hannunta bai yi rawa ba.

Haka aka yi ta yi har damina ta wuce. Inuwa ya zauna a bakin ƙofa yana yi mata tambayoyi daga littafi, yana karanta sunayen ƙasusuwa a karkace har sai ta yi dariya.

"Haba Yaya Inuwa, ka karya wannan ƙashin da bakinka!"

"To ai ke ce likitar, ki ɗora shi."

Sakamako ya fito. Ta ci, amma da ƙyar, irin cin da ba a yi wa guɗa. Aka kafe sunayen waɗanda aka ɗauka a makarantar likitocin nan, babu nata. Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ana gab da rufe ɗauka sai ga kira, wasu ba su zo ba, ana son ganin na bayansu baki da baki.

Wani tsohon farfesa ya jujjuya takardunta yana yamutsa fuska.

"Tarihi. Shi ma ba ki yi abin kirki a ciki ba. Ga yara a waje da suka fi ki maki. Me ya kawo ki?"

Ta so ta faɗi abin da ta shirya, na taimakon al'umma. Bakinta ya ƙi.

"Ranka ya daɗe, yayana yana cikin ginin nan."

"A wane aji?"

"A ɗakin gawa."

Ta ba su labari daga farko har ƙarshe. Tsohon ya ajiye biro.

"In kin gan shi fa? Sai ki tattara ki tafi, kin ɓata mana gurbi?"

"Da farko haka na yi niyya, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma na ga inda ya faɗi. Da akwai likita a kusa, da wataƙila sai dai a ce ya yi jinya. Ina so in zama wadda za a tarar a kusa."

Ya rufe takardunta. "A kan gwaji za mu ɗauke ki. Kika faɗi zangon farko, sai gida."

Ranar da aka fara shigar da su ɗakin gawa, da hantsi ne, amma sanyin wurin har cikin ƙashi. Warin magani ya sa idanu hawaye. Wata ɗaliba ta sulale ta faɗi tun a ƙofa. Atika ba ta kalli fuskar kowa ba, ta san magani ya canja su. Hannuwa take bi.

A tebur na kusa da taga ta ga farce shuɗi. Ta juya hannun... ba shi ba ne. Can gaba ga wani, shi ma shuɗi, shi ma ba shi ba ne. Inna lillahi! Ashe ba Tanko kaɗai Challawa ta aiko nan ba.

Sai na ƙarshe, a lungu. Farce shuɗi, ga ɗan guntun cindo a gefen ƙaramin yatsan hagu, wanda take ja tana yarinya in tana so ya goya ta.

Ƙirrin...

Ta waiga. Babu wanda ya ɗaga kai.

Ta kama hannun da nata biyu. "Yaya... ni ce. Na zo."

Farfesan da kansa ya tsaya aka yi abin da ya kamata. Malam Istifanus da Inuwa suka zo suka ba da shaida, aka ɗauko Tanko a motar kamfani. Aka yi masa sutura da sunansa na gaskiya, liman ya kira shi Tanko ɗan Baffa, mutanen Panshekara suka yi sahu har bakin titi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Inuwa ya same ta a zaure kusa da keken.

"Kin cika burinki, Atika. Yanzu za ki dawo gida?"

Ta girgiza kai, hawaye na zuba. "Akwai biyu a can masu irin farcenka, ba wanda ya san sunansu. Kai ma kullum a gindin injin nan kake... Ba zan iya bari ba. In ba za ka iya jira ba, wallahi ba zan ga laifinka ba."

"Wa ya ce miki jira zan yi? Na gama jira! A ɗaura aure kafin ki koma. Ke kina can kina karatu, ni ina nan ina kula da Inna. In an yi hutu ki zo ki duba ni kyauta."

Ta yi dariya cikin kuka. "Yaya Inuwa..."

"Ki daina ce mini yaya, kar liman ya fasa."

Daga nesa jiniyar yamma ta ɗauka. Su duka suka yi cak. Inna Mairama na tsakar gida, ta riga ta zuba tuwo a kwanon nan, hannu ya saba. Jiniya ta yi ta yi, ta yi shiru. Suka kasa kunne.

Ba a ji komai ba, sai kukan akuyar maƙwabta.

Inna ta jima tana kallon zaure. Tun da abin ya faru ba a ga hawayenta ba sai yau. Ta share da gefen mayafi, ta ɗaga faifan, ta tura kwanon gaban Inuwa.

"Wanke hannu ka ci, ɗana. Mai kwanon ya samu wurin kwana."