Juyin Waina

Ranar da aka sassauta kullen korona, Nana Khadija ta fita shan iska bakin tafkin Titiwangsa, a can ƙasar waje inda suke zaune. Nan ta ga wani saurayi ya shimfiɗa kwali yana juyi a kan gadon bayansa kamar katantanwa. Da ya miƙe, takunkuminsa ya zame.

"Bawan Allah, rufe hancinka kafin a kama ka."

"Kai, Bahaushiya! To tsaya mana a kama mu tare."

Fa'iz sunansa, ɗalibi a unguwar Bukit Jalil. Rawar birek ɗin gado ya yi wurin mahaifinsa Iro, ɗaya daga cikin Guguwar Fagge, samari bakwai da suka girgiza Kano a zamanin kaset. Ku yaran yanzu me kuka gani? Waɗannan in suka sauke rediyo suka shimfiɗa kwali, har mai shayi barin tukunyarsa yake.

Soyayya ta kama, waya ba ta hutawa.

"Tauraruwata, tun da kika ce in rufe hanci numfashina yake hannunki."

"Ɗan kwalina, je ka yi makan, ka ci abinci tukuna lah."

Amma da aka zo maganar aure, mahaifinta, Alhaji Maitama mai kedai, wato kanti, a unguwar Brickfields, ya ce atafau. "Ɗan rawa? Ba a gidana ba!"

Nana ta daina walwala. Wata rana a kedai tana kallon bidiyon Fa'iz tana share hawaye, Alhaji ya leƙo zai yi faɗa, sai bakinsa ya suɓuce.

"Wane ne wannan yake ɓata juyin waina? Ta hagu ake farawa!"

"Baba, ina ka san sunan juyin?"

Alhaji ya karɓi wayar ya sake kallo.

"Mutum ɗaya ne yake juya ta dama. Iro. Tun da ya karye a kafaɗa a bayan silima."

"Ɗansa ne. Korona ta ɗauke Iro bara."

Dattijon ya zauna a kan buhun shinkafa. Shi ya kafa Guguwar Fagge, shi ya raɗa wa juyin suna, ya ɓoye shekara talatin da ɗoriya don kada a ce Alhaji ya taɓa birgima a titi. Yau cikin bakwai shi kaɗai ya rage.

"Kira min yaron."

An ɗaura aure da 'yan mutane kaɗan, kowa da takunkumi. Ana shafa fatiha Alhaji ya tuɓe babbar riga ya ce a kawo kwali. Mutum mai shekara sittin! Juyi ɗaya ya yi, tsaf, ta hagu. Sai da ango da amarya suka kama shi ya tashi.

Yana haki ya haɗa hannuwansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya jiƙan Iro. Kai kuma ɗan nan, kada ka gyara. Ci gaba da yi ta dama, in riƙa ganin abokina."