Sunan da Sulle Ya Kasa Faɗa

Idan ka bi bakin dam ɗin Challawa ta ɓangaren Karaye da hantsi, kana iya cin karo da wani tsoho cikin yagaggiyar shadda, yana tafe yana kiran suna ɗaya tak, yana leƙa ruwa. Kada ka yi masa dariya. Alhaji Sulle ke nan na Kwanyawa, wanda a da idan motarsa ta wuce har masu shayi sai sun miƙe. Ni na san shi tun yana ɗaure buhun gyaɗa a bayan keke, kuma zan gaya maka yadda aka yi ya koma haka, ko da wani mai irin zuciyarsa zai ji ya shiga taitayinsa.

Sulle ba matsiyaci ba ne, kada wani ya yi maka ƙarya. Yana sayen gyaɗa a kasuwar Rogo ya kai wa dillalai, gidansa ba a kwana da yunwa. Matarsa Lantana mace ce mai haƙuri, 'ya'yansa lafiya lau. Zuciya ce kawai ta ƙi kwanciya. Wata rana a rumfar dillalai wani ya nuna masa hoto a waya: wani attajiri kishingiɗe a kan farin jirgin ruwa, tsibirai kewaye da shi, ana zuba masa lemo. Tun daga ranar tuwon gidansa ya daina yi masa daɗi.

Wani masunci ne ya tsallaka da shi a kwale-kwale zuwa wani tudu a tsakiyar dam, ragowar ƙauyen da ruwa ya cinye. Can wani boka yake zaune, ana ce masa Na-Tudu. Rana na tsaka, amma wurin sanyi ƙalau kamar cikin rijiya. Wata busasshiyar kuka ce a tsaye, an ɗaure mata jan ƙyalle, an rataye kawunan tarwaɗa a jikinta har sun yi baƙi. Ko tsuntsu ba ya sauka a kanta. A gindinta akwai wata baƙar randa cike da ruwa. Sulle ya leƙa ciki, bai ga fuskarsa ba, bai ga sararin sama ba.

"Dukiya kake so," in ji Na-Tudu, ko sallamarsa bai amsa ba.

"Ita ce ta kawo ni."

"Mutanen ruwa za su ba ka har ka gaji da ɗauka. Amma ba sa aikin banza. Suna da rabo a gidanka."

Sulle ya ja baya kaɗan. "Idan jinin iyalina ne, na fasa. A karɓi shanu, a karɓi gona."

"Wa ya ce maka suna cin ciyawa?" Bokan ya yi wata 'yar dariya. "Kwantar da hankalinka, akwai sauƙi. Ka durƙusa a bakin randar nan, ka kira sunan yanka na duk wanda kake so ruwa ya ƙyale. Wanda ka kira ya tsira. Abin da ya rage nasu ne, ko akuya ce ko ɓeran rumbu."

Sulle ya ji abin ya yi arha. Aka yanka baƙar kaza a kan randar, aka tsaga masa ɗan yatsa ya ɗiga jini. Ruwan bai ko motsa ba. Ya durƙusa ya fara jero sunaye: Lantana, mahaifiyarsa, 'ya'yansa Sadiƙa da Mujahid da Rukayya, ƙaninsa Halliru, har da matar Halliru don kada a bar kowa.

To ga inda ƙaddara ta shigo. Babban ɗan Sulle sunansa Habibullahi. Ɗan fari ne, sannan sunan mahaifin Sulle ya ci. Ka san halinmu: uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, balle wanda ke ɗauke da sunan tsohonsa. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna bakin Sulle bai taɓa furta shi ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma a duniya babu wanda yake so kamarsa. Da ya zo kansa, sai harshensa ya bi hanyar da ya saba.

"Da yaron nan, babban," in ji shi.

"Ka gama?"

"Na gama."

Na-Tudu ya kife ƙwarya a bakin randar, ya shafe gefenta da laka, ya wanke hannunsa a nitse. Sannan ya ce, "Ban ji sunan babban ɗanka ba."

"Ai na faɗe shi."

"Ka ce yaron nan. Kowane gida akwai yaron nan."

Sulle ya zabura. Ya kama ƙafar bokan, ya ce a buɗe ya gyara, ya ce ya yafe dukiyar, ya ce a ɗauke shi a madadin yaron. Na-Tudu ya janye ƙafarsa. "Randa ba ta buɗuwa sau biyu. Je ka ci arzikinka. Ruwa ba ya gaggawa."

Arziki kuwa ya zo kamar an fasa rumbu. Duk abin da Sulle ya saya sai ya yi tsada a hannunsa. Daga gyaɗa ya shiga riɗi da waken suya, ya sayi tireloli, ya gina bene a Karaye, ya je Makka ya dawo Alhaji. Mutane suna cewa Allah ya yi masa buɗi, shi kuwa ya san wanda ya buɗe. Ya sa aka cike rijiyar gidan. Ya hana Habibullahi zuwa bakin dam, ya hana shi fita idan hadari ya haɗo, ya hana shi bin abokansa ko'ina da akwai gada. Bai taɓa faɗin dalili ba. Yaron ya tashi yana ganin duk gidan shi kaɗai ubansa ya tsana, amma bai fasa biyayya ba.

Sai Lantana ta haifi auta, aka sa mata Kausar. Sulle ya wuni yana kiran sunanta a tsakar gida har ana yi masa tsiya, amma an riga an shafe randa kafin a haife ta. Tana rarrafe, wata safiya Lantana ta juya ta shanya zane. Da ta waiwayo ta tarar da yarinyar kife cikin bahon wanki, ruwan da ko idon sawu bai kai ba. Aka kai ta makwancinta kafin azahar.

Daga nan Lantana ta daina magana. Sai ta zauna ta manna kunne a bango, wani lokacin a ƙasa, kamar mai sauraron wani abu yana gudana ƙarƙashin siminti. Aka yi na asibiti, aka yi na Islamiyya, shiru. Sulle ya koma dam neman Na-Tudu, ya tarar ruwa ya rufe tudun, kan kukar kaɗai ke leƙowa. Ya yi ta rabon sadaka yana sa malamai addu'a, amma bai gaya wa ko ɗayansu gaskiya ba, kuma bai saki ko tirela ɗaya ba. Yana son tsira, yana son dukiyar. Wannan ba tuba ba ce, wayo ne, kuma Allah ba a yi masa wayo.

Shekaru suka tafi. Habibullahi ya gama karatu, ya zama shi ke riƙe da harkokin gidan. Wata la'asar ya yi sallama a ƙofar falon ubansa, ya zauna a ƙasa daga gefe, kansa a sunkuye.

"Baba, likitan Umma ya ce a fitar da ita daga gidan nan ta sha wata iska. Na bincika. Akwai tsibirai wajen Zanzibar, ana hayar jirgin ruwa na shaƙatawa, iyali su kaɗai, a yi ta zagayawa."

Sulle ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Na yi tambaya sosai, Baba, ba da ka na yi ba," in ji Habibullahi. "Waɗanda suka san wurin sun ce kada a je lokacin damunarsu, teku tana hauka, a bari sai iska ta kwanta. Sun ce mu ɗauki jirgi mai kyaftin da mai girki, tunda babu wanda ya iya tuƙi a cikinmu, kuma a gaya musu abincinmu tun kafin mu isa, don kada a loda abin da bai halatta ba. Akwatin ƙarfe ba shi da wurin ajiya, sai jaka mai laushi. A tafi da maganin jiri. Kada mu ce sai mun taka kowane tsibiri, mu zaɓi kaɗan na kusa da juna, tafiya gajera da safe, sauran wuni hutu. Na sa sun nuna min jirgin a waya ɗaki-ɗaki, na ga rigunan hana nitsewa, kowa da tasa. Har alƙibla na tambaya, sun ce jirgi yana juyawa ko an tsayar da shi wuri ɗaya, sai a duba kafin kowace salla."

"Ba za a je ba."

"Baba, don Umma ne."

"Na ce ba za a je ba. Kai musamman."

Idon Habibullahi ya ciko. "To, Baba. Allah ya huci zuciyarka."

Sulle ya buɗe baki zai faɗa masa komai. Amma ta ina zai fara? Da wane ido zai dubi ɗan da ko sunansa ba ya iya kamawa, ya ce masa na sayar da kai? Suna cikin haka Lantana ta shigo, ba wanda ya ji tafiyarta. Ta ɗauki wayar da ke kan tabarma, ta ƙura wa hoton tsibiran ido. Matar da ta yi shekaru ba ta ce uffan ba ta yi murmushi.

"Alhaji, ku kai ni," in ji ta.

Gidan ya ɗauki murna. Su Sadiƙa suna kuka suna hamdala, Halliru ya zo ya ce, "Yaya, idan ka hana wannan tafiya me za ka ce wa mutane?" Dole Sulle ya amince a tafi. Ya yi ta lallashin kansa cewa can ruwan gishiri ne, ƙasar wasu ce, mutanen Challawa ina za su san hanya. Ya kuma ce idan yana wurin zai tsare yaron da idonsa. Bai tsaya ya tambayi kansa wa ya buɗe bakin Lantana ba.

Komai ya tafi yadda Habibullahi ya tsara. Jirgin fari tas, irin na hoton nan da ya raba Sulle da kwanciyar hankali. Teku a kwance, ana hango yashi a ƙasa. Lantana ta fara cin abinci da kanta. Sulle kuwa bai ɗanɗani hutun ba. Duk inda ɗansa ya sa ƙafa yana biye da shi, yana cewa, "Kai, matso daga bakin nan. Kai, ɗaure rigarka." Har kyaftin ya tambaya ta bakin tafinta ko Alhaji ba shi da lafiya ne.

Ranar da za su juyo, da hantsi, aka saukar da ƙaramin kwale-kwale don a kai su wani ɗan tsibiri mai farin yashi. Lantana ta cire rigar hana nitsewarta ta jefa a teku, tana dariya. Habibullahi bai yi wata-wata ba ya cire tasa ya ɗaura wa uwarsa, sannan ya riga ta sauka a tsani don ya tare ta daga ƙasa.

Sulle ya leƙo daga sama. Ko'ina ruwan shuɗi ne garau, amma daidai ƙarƙashin ƙafar ɗansa akwai wani baƙin tabo zagayayye, faɗin bakin randa. Ba ya nuna jirgin, ba ya nuna sararin sama.

"Habibullahi!"

Sunan ya fito da ƙarfin da Sulle bai san yana da shi ba. Habibullahi ya waiwayo. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Fuskarsa ta washe kamar ta ƙaramin yaro, ya saki tsanin da hannu ɗaya don ya dube shi da kyau.

"Na'am, Baba," in ji shi.

Ƙafarsa ta zame. Ruwan bai ko fantsama ba. Ma'aikatan jirgin suka yi tsalle suka bi shi nan take, suka wuni suna nema a wurin da zurfin ruwan bai wuce ƙirjin mutum ba. Babu gawa, babu ko takalminsa.

Sauran labarin gajere ne. Tireloli suka ƙare a hatsari da gobara, sito ya jiƙe ya ruɓe ba tare da an ga ta inda ruwa ya shiga ba, aka sayar da benen. Lantana tana gidan Halliru, ta koma shirunta. Sulle ya faɗi gaskiya a ƙarshe, a gaban kowa, lokacin da ba ta da sauran amfani ga kowa.

Kai mai ganin abincin gidanka ya yi maka kaɗan, ka ji da kyau. Boka ba ya ba ka komai, naka yake ɗauka ya sayar maka, kuma ya fi ka sanin inda bakinka zai yi tuntuɓe. Ka riƙe halalinka ko ƙanƙane ne, ka roƙi Allah shi kaɗai. In kuwa ka ƙi, je ka bakin dam da hantsi ka saurara. Za ka ji tsohon da ya kasa faɗin sunan ɗansa sau ɗaya, yanzu ba shi da wata kalma a baki sai ita, kuma babu mai amsa masa.