Mai Ɗauko Khairunnisa

Ana kiran sallar magariba a Daura, Zubaida na gaban kwamfuta kamar kullum, tuwonta ya huce a gefe. Manhaja take gina wa Islamiyyar da 'yarta Khairunnisa ke zuwa. Ta tsara ta yadda kowane malami zai gyara fuskar allon son ransa: ya ƙara girman rubutu, ya sauya launi, ya ja maɓalli ya ajiye inda hannunsa ya saba. Gurbi ɗaya ne ta ɗaure tamau, na wanda aka yarda ya ɗauki yaro idan an tashi. Sai da suna, da dangantaka, da cikakkiyar lambar waya. In ɗaya ya rasa, gurbin ya yi ja ya ƙi karɓa. Zubaida kuwa in ta ce a'a, ko mijinta Nasrullahi sai dai ya ɗauki hula ya fita.

Ta tashi alwala, ta dawo ta tarar an buɗe shafin 'yarta. An rubuta suna, Auta, an bar wajen lamba fayau, gurbin ya yi jajir. Ta goge. Kafin ta sallame sallah an sake rubutawa. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, wani ya biyo shi, alhali ba kowa a lungu.

Haka aka yi ta yi duk faɗuwar rana. Maɓallai su bar wurarensu, allo ya koma launin toka, amma gurbin nan yana nan ja. Zubaida ta tsorata, ba ta dai nuna ba. Ranar da Khairunnisa ta zauna tsakar gida ta ƙura wa bango ido, ta yi magana da muryar tsohuwa, Nasrullahi ya hau babur ya ɗauko Malam Mainasara, mai ruƙiyya, daga Zango.

Malam ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa. Ta ce ita ce Auta, gidanta tsamiyar bakin makarantar. Ba ta neman yanka, ba ta neman turare. A sassauta gurbin kawai, ya karɓi suna ba lamba. Malam ya juya ya gaya wa Zubaida a hankali cewa wannan aljana ce, ba ta iya ɗaukar abin da ba a ba ta ba, shi ya sa ta nace sai an rubuta ta.

"Ban sassauta wa shugaban makaranta ba," in ji Zubaida. "Ba zan sassauta miki ba."

"To wa ke ɗauko ta?" in ji muryar. "Kowa ya watse, ita tana gindina har rana ta yi ja. Ni ke kore mata sauro. Ke kina nan kina jera maɓalli."

Kunya ta rufe Zubaida, don ba ƙarya a ciki. Aljanar ta ga ta sami lagonta, ta fara ragi: a bar mata ɗaukar yarinyar rana ɗaya a mako, ko ma ranar da uwar ta makara kaɗai.

Zubaida ta matso ta kama hannun 'yarta, sanyi ƙalau kamar randa.

"Gaskiya kika faɗa, laifina ne. Amma ko na makara, 'yata ce. Ba za a rubuta ki ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Auta ta ce za ta fita, amma a sani tsamiya ba ta zuwa ko'ina, kuma duk ran da rana ta faɗi yarinyar na gindinta, ba za ta sake tambayar kwamfuta ba. Khairunnisa ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta.

Washegari, tun ba a tashi daga makaranta ba, masu tallan gyaɗa suka ga Zubaida ta jingina da tsamiyar, ta harɗe hannuwa. Khairunnisa ta fito da allonta. Ba ta ko dubi hanya ba, ta nufi gindin bishiyar kamar yadda ta saba, ta tarar da uwarta a wurin.