Sharhin Kashi na Tara

Ranar wata Laraba ce cikin damina, an ɗauke wuta a Trikania tun da hantsi, hadari ya taru a gabas ya ƙi zuba, ya ƙi tafiya. Ana dab da kiran magariba Asabe ta fito daga shagon Rhoda maƙwabciyarsu, riƙe da wayar 'yarta Safiya da ta kai caji. Tana tafe tana mita a ranta, wai ita da girmanta ta koma 'yar aiken waya, don dai mai wayar ta rantse ba za ta taka bakin ƙofar gida ba.

Wata bakwai ke nan Safiya ba ta fita. Ta tare a ɗakin yayanta Abdulmalik, wanda ya tafi bautar ƙasa, ta rufe taga da tsohon bargo, abinci ma sai dai a ajiye mata a bakin ƙofa. Aikinta ɗaya, kallon katun ɗin Japan da samari ke kira anime. In ta gama kashi guda sai ta ɗauki muryarta tana yi masa sharhi da Hausa, ta ɗora a intanet ba tare da fuskarta ba. Abin da ke ɗaure wa Asabe kai shi ne, yarinyar nan tun tana ƙarama in'ina gare ta, gishiri ma sai ta yi kokawa da harshenta kafin ta roƙa. Amma in ta rufe ƙofa ta shiga kwaikwayon mutanen katun, sai ka rantse gidan rediyo aka buɗe. Ta yi muryar tsoho, ta yi ta yaro, ta yi ta mugu, ba gargada ko ɗaya. Mutanen gidan sun saba da jin muryoyi daga ɗakin, har sun daina juyawa.

Shi ya sa da Asabe ta shigo tsakar gida ta ji ana magana, ba ta kawo komai ba. Sai da ta kai hannu za ta ƙwanƙwasa ta tsaya. Muryoyin biyu ne, kuma a tare suke fita, ɗaya bisa ɗaya. Ta Safiya tana cewa a'a, a'a, ɗayar kuwa mai kauri, kamar wanda ya cusa kansa cikin randa, tana lallashi. Asabe ta dubi hannunta. Wayar na nan a tafinta, a kashe.

Ta kira sunan 'yarta. Ɗakin ya yi tsit. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya dira kusa da ƙafarta. Ta sunkuya ta taɓa shi. Tsakuwar rafi ce, a jiƙe, kuma da ɗumi.

Kafin a idar da salla duwatsu bakwai sun faɗo. Garba mijinta ya dawo daga masana'antar da yake aiki a Kudenda ya tarar da ita a rakuɓe jikin bango. Shi mutum ne da ba ya son a ce aljani a gabansa, don haka ya ɗora laifin a kan yaran layi, ya fita da fitila yana faɗa. Shi da Istifanus mijin Rhoda suka zaga bayan gida har bakin kwalbati, ba su ga ko kyanwa ba. Rhoda ce ta lura da abin da mazan ba su lura da shi ba. Ta ja Asabe gefe ta ce, "Maman Abdul, ki duba fa. Inda kika tsaya nan yake faɗowa. Da kika koma kicin, can ya bi ki."

Haka aka yi kwana uku. Da rana lafiya lau, amma da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai jifa ta tashi, ta bi Asabe ɗaki ɗaki. Ta kasa zama, ta kasa tsayuwa. Ta ɗora tukunya ta manta, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ba tsoron dutsen ne ya fi cin ranta ba, tsoron abin da ke zaune da 'yarta a bayan ƙofar nan ne. Ta leƙa ta kafar makulli ta ga Safiya zaune a tabarma, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, tana gyaɗa kai ga kusurwar da babu kowa.

A rana ta uku labari ya zo cewa Sadiya, wadda suka yi aji ɗaya da Safiya, ta kwana tara ba ta magana. An kai ta asibiti biyu, an leƙa maƙogwaro, ba a ga komai ba. Gaskiya ita ce Asabe ta fara jin daɗi kafin ta ji tsoro, don Sadiyar nan ita ce silar komai. Ranar yaye ɗalibai an zaɓi Safiya ta karanta jawabi saboda ta fi kowa iya rubutu. Ta hau dandamali, ta buɗe baki, kalmar farko ta maƙale. Ba, ba, ba, har gumi ya keto mata. Asabe na cikin iyaye, zuciyarta ta kasa ɗauka, ta miƙe tsaye ta ɗaga murya ta ce, "Baƙinmu!" Zauren ya fashe da dariya. Sadiya ta ɗauki abin a waya, ta sa masa kiɗa, kafin la'asar ya zaga unguwa. Ita dai Asabe har ranar nan gani take ceton 'yarta ta yi, kuma duk wanda ta ba labarin haka take ba shi.

Wayar Safiya tana hannun Asabe tun ranar Laraba, Safiya ba ta ko tambaya ba. Ta kai wa Rhoda, suka zauna a bayan kantar shagon suka kunna sharhin ƙarshe da ke ciki, wanda ba a ɗora ba.

Muryar Safiya ta fito tas. Kashi na tara ne na wani labari, a kan wani yaro da abokansa suka wulaƙanta, ya kulle kansa a ɗaki shekara biyu. Kullum da almuru wata inuwa takan tsaya a bayan ƙofarsa ta takarda, ta ce ya ba ta suna ɗaya ta rama masa. Safiya ta yaba zanen, ta ce dubi yadda suka bar ɗakin shiru har kana jin ƙarar agogo, wanda bai taɓa zaman ɗaki ba ba zai san wannan shirun ba. Ta yaba yadda uwar yaron ke ajiye kwano ta tafi da sanɗa. Sannan muryarta ta canja.

"Amma a ƙarshe marubucin nan ya cuce mu. Wai yaron ya yafe, ya buɗe ƙofa, rana ta haska shi. Ƙarya ne. Wanda aka yi wa dariya ba ya yafewa don rana ta fito. Da ni ce inuwar nan ta zo wa, sunaye biyu gare ni, ba zan ko yi tunani ba."

Aka ɗan yi shiru a cikin wayar. Sai wata murya mai kauri ta ce, "Faɗe su." Nan ɗaukar ta yanke. Rhoda ta ajiye wayar a kan buhun shinkafa, ta goge hannunta da zane.

Da Garba ya ji da kunnensa, bai ƙara zancen yaran layi ba. Washegari bayan la'asar ya ɗauko Malam Zakariyya'u daga Makera a keke. Tsoho ne ɗan ƙarami, ya yi shekara ashirin a masaƙa kafin a rufe ta, har yanzu da tarin auduga a ƙirjinsa. Bai zo da bulala ba, bai zo da hayaƙi ba, gorar ruwa ce kawai a hannunsa. Ya sa aka buɗe ɗakin, aka cire bargon taga, Rhoda da Asabe suka riƙo Safiya suka zaunar da ita a tabarma a tsakar gida. Ba ta yi gardama ba. Idonta ne dai ba ya tsayawa a kan kowa.

Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu a hankali, yana tsayawa ya yi tari ya ci gaba. An daɗe ba abin da ya faru. Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tabarmar, kajin maƙwabta suka yi shiru. Can sai yatsun Safiya suka fara lanƙwashewa, wuyanta ya sandare, ta yi dariyar da ba tata ba.

Malam ya tambayi mai dariyar ko wane ne, da abin da ya kawo shi. Ya ce shi a bakin rafin bayan masana'antu yake, ruwan ya ɓaci da baƙin mai, ya taso neman wuri. Ya tarar da ɗaki mai duhu, da yarinya mai ba da labari kullum da magariba, ba mai sauraronta. Sai ya zauna. Ya ce shi bai shigo da ƙarfi ba, wata bakwai yana sauraro kafin ya ce uffan, kuma ita ta yi tayi.

Malam ya ce ya fita. Muryar ta ce a bar shi ya ji kashi na goma tukuna, yana son ya san ko inuwar ta dawo. Malam ya ce ko na tara da rabi ba zai ji ba, ya ɗora karatu. Jikin Safiya ya yi ta karkarwa har Rhoda ta fara addu'a da yarensu a ƙasa ƙasa. Sai muryar ta ce to, zai saki harshen Sadiya, amma a bar shi ya gama aikinsa, saura suna ɗaya.

"Wane ne?" in ji Malam.

Kan Safiya ya juya a hankali har ya fuskanci uwarta. "Ga ta nan. Waccan ta ɗauki hoto ne kawai. Wannan ita ta ba su abin dariyar. Shekara goma sha takwas yarinyar ba ta taɓa kai maganarta ƙarshe ba, sai wannan ta ƙarasa mata. Jifar gargaɗi ce. Harshen nake so."

Asabe ta buɗe baki za ta kare kanta, ta ce tausayi ne, wace uwa ce za ta iya kallo. Sai ta fasa. Ta dubi Garba ko zai ce ƙarya ne, Garba ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Malam ya ce ba harshen da za a taɓa a gidan nan. Muryar ta yi dariya ta ce ta yarda, za ta tafi, da sharaɗi ɗaya. Wadda ta gayyace shi ita za ta sallame shi, da bakinta, da muryarta ta tsakar gida ba ta ɗaki ba. In wani ya sa mata baki ko da harafi ɗaya, ya zauna ke nan. Ya ce ya san matar nan, ba za ta iya ba.

"Ba na ciniki da irinku," in ji Malam, "kuma ko ka so ko ka ƙi za ka fita. Amma yarinyar za ta faɗa, don ƙofar a wajenta take." Ya tofa a ruwan gorar ya yayyafa mata a fuska, ya kira sunanta sau uku.

Idon Safiya ya dawo. Ta dubi mutane, ta dubi sararin da ta manta, ta fara kuka. Malam ya gaya mata abin da za ta yi, ya ce ba mai gaggawa. Ta ja numfashi. Leɓenta na ƙasa ya hau haƙori ya maƙale a nan. Fi, fi, fi. Jijiyar wuyanta ta tashi, ƙafarta tana dukan tabarma.

Kalmar tana kan harshen Asabe, 'yar ƙarama, gaɓa biyu. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije har ta ji ɗanɗanon jini. Wani dutse ya faɗo a kan kwano, wani ya biyo shi, kamar ana tsokanarta. Ladanin masallacin layi ya fara kiran salla ya kai ƙarshe, yarinyar tana nan a kan harafin farko. Asabe ta runtse ido, hawaye na bin mayafin, ba ta saki ba.

"Fita," in ji Safiya. Ta sake jan numfashi, ta daɗe. "Na ja... janye. Duka biyun."

Ruwan bokitin da ke bakin rijiya ya girgiza ba wanda ya taɓa shi. Tsakuwa ta zubo daga kan rufi gaba ɗaya, ta bi indararo ta tsiyaye ƙasa, sannan gidan ya yi shiru. Safiya ta kife a cinyar Rhoda. Malam ya yi hamdala, ya ce a bar taga a buɗe, a riƙa azkar safe da yamma, ya ƙara da cewa sharhinta ba laifi ba ne, ta ci gaba in tana so, amma a tsakar gida. Suka fita masallaci shi da Garba. Ba a jima ba Istifanus ya leƙo ya ce an bugo waya daga gidan su Sadiya, bakinta ya buɗe har ta nemi ruwa.

Asabe ta idar da salla ta dawo ta zauna a gefen tabarmar. Safiya ce ta ɗago.

"Umma," ta ce, sai ta maƙale. Asabe ta haɗa hannuwanta a cinya ta jira. Ta zaci haƙuri za a ba ta, har ta shirya cewa ba komai. Maganar ta fito guntu guntu, ta ɗauki lokaci mai tsawo.

"Su... sunanki na fara faɗa masa. Ka... kafin na Sadiya."

Abin ya soki Asabe har cikin ƙashi. Ta ga leɓen yarinyar yana motsi, akwai saura. Ta share fuskarta da bayan hannu, ta gyara zama.

"Ina ji," ta ce. "Ci gaba."