Batirin da Bai Mutu Ba

Tsohon ya aika wa Sufeton 'yan sanda cewa ya zo ƙarfe biyu na rana, wai yana da maganar da ba ya son ya tafi da ita kabari. Ƙarfe ɗaya saura aka bugo ofis aka ce ya rasu.

Sufeto bai san shi ba sai a bakin mutane. Tsohon mai gyaran wuta ne, rabin gidajen unguwar shi ya ja musu waya a zamaninsa. Shekara biyu ke nan huhunsa ya gaza, yana rayuwa da injin numfashi, siririn tiyo a hanci ba dare ba rana.

Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji tafiyar jininsa. Tun ƙarfe tara taransifomar unguwar ta ƙone, babu fanka, babu rediyo, ko firji ba ya gurnani. An lulluɓe gawar da farin zane, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin cire tiyon. Ya fito ta ƙarƙashin zanen, ya bi ƙasa har jikin injin da ya yi shiru. A kusurwa akwai babban batir da inbata, su ke riƙe injin idan an ɗauke wuta.

Autar tsohon, wadda ke jinyarsa, tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafa. Ba ta kuka, kuma wannan ya fi kukan tayar wa Sufeto hankali.

"Ni na kashe shi, ranka ya daɗe," ta ce. "Ku tafi da ni kawai."

"Ta yaya?"

"Da aka ɗauke wuta na jona tukunyar dafa ruwa a inbata, don in goge masa jiki da ruwan ɗumi. Goma da rabi na fita kemis karɓo magani. Na dawo na tarar injin ya tsaya. Yaya ya ce tukunyar ce ta shanye batirin."

Yayan nata ɗan riƙo ne, ba ciki ɗaya suka fito ba. Tsohon ne ya raine shi, ya koya masa sana'a, yanzu kowa Injiniya yake ce masa, shi ma ba ya ƙin sunan. Yana tsaye bakin ƙofa da jakar kayan aiki, idonsa jajur.

"Yaushe ka zo?"

"Sha biyu, bayan ta kira ni. Yallaɓai, kuskure ne, a yi mata afuwa. Bari ka gani da idonka."

Ya ciro mitar gwaji mai ruwan ɗorawa, ya murɗa makunninta, ya ɗora jan tsinke a kan batirin mai alamar ƙari, baƙin a ɗaya kan.

"Batir mai lafiya sha biyu da 'yan kai yake nunawa. Duba."

Sifiri ne a fuskar mitar. Auta ta kifa kai a gwiwa.

Sufeto bai san komai a kan wuta ba, ko ƙwan fitila ya mutu a gidansa matarsa ke canzawa. Amma ya san mutane, kuma bai taɓa son mai kawo hujja tun ba a tambaye shi ba.

Ya durƙusa ya leƙa bayan inbatar. Yanar gizo ta lulluɓe ko'ina, sai wuri ɗaya da ta tsinke, daidai wani ɗan murfi baƙi. Ya ji sanyi a ƙeyarsa, kamar mai kwance a gadon yana kallonsa ta cikin zane.

Sajan, wanda ya fita tambayar maƙwabta, ya shigo ya raɗa masa magana. Telan da shagonsa ke kallon gidan ya ce ya ga babur ɗin Injiniya a jikin katanga tun kafin sha ɗaya. Ya tabbata, domin rashin wuta ya sa shi zaman waje yana ƙirga masu wucewa.

"Injiniya, zo ka taimake ni," in ji Sufeto. "Motata na ba ni wahala kwana biyu. Kawo mitar, ni zan riƙe maka."

Ya karɓe ta kafin mutumin ya yi wani motsi. Suka fita, Auta na biye kamar mai tafiya cikin barci. Sajan ya ɗaga bonet.

"Ɗora tsinkayen."

"Yallaɓai, bari in saita ta tukuna."

"Ai a saite take. Ba yanzu ka auna batir da ita ba?"

Injiniya ya ɗora. Sifiri.

"Ikon Allah, wannan ma ya mutu," Sufeto ya ce. "Sajan, tayar mana da gawa."

Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

Auta ta matso ta ƙura wa mitar ido. A karon farko fuskarta ta motsa.

"Yaya, a kan lanƙwasasshen layi ka sa ta." Muryarta ta fito a hankali. "Wannan na wutar soket ne. Na batir miƙaƙƙen layi ne mai ɗige-ɗige a ƙasa. Tun ina firamare Baba ya koya min. Ya ce in ka auna batir a nan, ko sabo ne fil sifiri zai ba ka."

"Ruɗewa ce, Auta. Uba na rasa fa."

"Shekara ashirin kana riƙe da mita," in ji Sufeto. "Mu koma ciki."

A ɗakin, Auta ba ta taɓa mitar Injiniya ba. Ta sauko da ta mahaifinta daga ƙusa, tsohuwa mai allura, gilashinta ya tsage. Ta saita, ta ɗora ja a kan ƙari, baƙi a ɗaya kan. Allurar ta tashi a hankali, ta ɗan yi rawa, ta wuce sha biyu ta tsaya cak, kamar yatsa.

"Da ransa," ta ce. "Batirin da ransa."

Sajan ya zazzage jakar Injiniya, babu komai sai kayan aiki. A aljihun rigarsa ya samo ɗan ƙaramin fis, irin wanda in an zare shi wuta ba ta wucewa. Sufeto ya buɗe baƙin murfin nan, ramin ba kowa. Ya tura fis ɗin.

Injin ya yi ƙara, ya ja iska, ya saki. Ya sake ja, ya saki. Farin zanen ya soma motsi daidai hancin gawar, yana ɗagawa yana sauka. Sajan, ƙato guda, sai da ya ja baya ya bugi ƙofa.

Injiniya ya zube a ƙasa ya toshe kunnuwa.

"Ku kashe shi! Don Allah ku kashe!"

"Me tsohon zai faɗa min ƙarfe biyu?"

"Gobarar shagon ɗinki, shekara bakwai da suka wuce. Mutum biyu suka ƙone. Ni na yi wayarin, na sa siririyar waya inda ba ta ɗauka. Baba ya rufa min asiri, ya ce wa 'yan sanda dutsen guga suka bari a jone. Jiya ya ce min mutanen nan biyu suna zuwar masa, suna tsayawa a ƙarshen gado. Ya ce zai faɗa. Na roƙe shi har da kuka." Ya dubi inbatar. "Yana kallona na zare fis ɗin. Kallona kawai yake."

"Wancan karon dutsen guga, wannan karon tukunyar ruwa," Sufeto ya ce, ransa a ɓace. "Kullum akwai wanda zai ɗaukar maka. Yau babu."

Sajan ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Auta..."

Ba ta dube shi ba. Sai da ƙarar motar ta yi nisa ta ɗaga gefen zanen, ta zare tiyon daga hancin mahaifinta a hankali, yadda take yi idan za ta wanke masa fuska.

"Baba, ba ni ba ce," ta ce.

Ta kai hannu ta kashe injin da kanta, sannan kukan ya zo.