Hannun da Ya Raba Katin

"Wallahi ba za ki aure shi ba, Solène! Dubi abin da ya fito!"

Odile ta buga katin a kan teburin kicin har kofi ya zube. Hoton ƙwarangwal ne riƙe da lauje. Duk unguwarmu a birnin Marseille na Faransa an san Odile da duban kati, ita kuwa ta yarda da shi fiye da yadda ta yarda da likita.

"Haba Mama! Anselme fa, mai gashin burodin nan da kike yabo kullum? Me ya yi miki?"

"Bai yi min komai ba. Mutuwa na gani, ni kuma 'ya ɗaya gare ni."

Solène ta fashe da kuka, don tana son yaron nan kamar ranta. Da ta kai masa labari, sai ya share mata hawaye da hannu duk fulawa.

"Kar ki yi faɗa da ita, masoyiyata. Tsoro ne ya kama ta. Zan jira."

Ya kuwa jira, bawan Allah! Duk Lahadi sai ya aiko da burodi mai zafi. Odile ta ci ta suɗe yatsa, amma ta hana shi taka ƙofar gidan. Solène ta rame har zobenta ya fara zamewa.

Ana haka Kaka Honorine, mahaifiyar Odile, ta zo daga ƙauye. Ita ta koya wa Odile duban tun tana yarinya. Ta ƙare wa jikarta kallo, ta saurari zancen, ta ajiye cokalin miyar kifi.

"Odile, ranar da kika shimfiɗa katin, wa ya raba shi biyu da hannun hagu?"

"Ni mana. Yarinyar ta ƙi taɓawa."

"Kai, kai, kai! Shekara nawa kina wannan aiki? Wanda ya raba kati, ai shi ake dubawa! Kanki kika duba, shashasha, kika ɗora wa yaron mutane."

Odile ta yi tsuru-tsuru. "To ni ce zan mutu, Mama?"

"Mutuwar lafiya! Na sha gaya miki mai laujen nan girbi yake yi: wani zamani ya ƙare, wani ya kama. 'Yarki za ta bar ɗakinki, shi ne abin da ke cin ki. Kuma bari in faɗa miki, katin nan caca da wasa manyan Italiya ke yi da shi tun kafin a fara duba da shi. Takarda ce da fenti. Gobe kam, Allah kaɗai Ya san ta."

Sai ga Odile tana hawaye shaɓe-shaɓe. Ta jawo Solène ta rungume.

"Tun rasuwar babanki ke kaɗai nake ji a gidan nan. In kin tafi, da wa zan yi faɗa?"

"Mama, layi biyu ne fa tsakaninmu da gidan Anselme! Kullum zan zo ki yi min."

Aka yi biki da bazara, Odile ta fi kowa rawa. Haƙurin Anselme da biyayyar Solène ne suka kai su ga biyan buƙata, don da sun yi fito-na-fito da ita, da sun sami aure sun rasa uwa. Iyaye kuma, kafin ku ce kun hango wa 'ya'yanku masifa, ku fara tambayar kanku ko tsoronku ne kuke kallo.