Farantin Ƙofar Baya

Shekara ɗari da ashirin ke nan, kullum dare sai an ajiye farantin ƙaguwa a bayan wani gidan cin kifi da ke Manhattan, a Amurka, wai rabon wanda ya gina shi. Da aka damƙa mini kicin, na ce ni Sauda ba na ciyar da aljani, ko da za a kore ni.

Dare na uku ina wanke tukwane, wani tsohon Bature ya shigo, kwat ɗinsa na ɗiga, yana ƙarnin kogi.

Da Hausa tsantsa ya ce, "Baiwar Allah, ina rabona?"

Na ce, "Malam, mun tashi. Mai yunwa ya zo da rana."

Ku ji fa, jikokina, sai na dubi ƙofa. Sakatar da na sa da hannuna tana nan. Na ci gaba da wanke-wankena.